Fuwa-fuwa

Shuhei ya sauko daga jirgi, amma ƙasa ba ta tsaya ba.

Da farko bai damu ba. Duk wanda ya yi wata da watanni a teku yana farautar kifin tuna ya san wannan. Ka sauko, titi ya yi ta lilo da kai kwana ɗaya ko biyu, ka jiƙa jikinka a ruwan zafi, ka kwana a shimfiɗar da ba ta motsi, shi ke nan. Abokan aikinsa duk sun warware. Nasa ne ya ƙi tafiya. Makonni suka wuce, hazon teku ya fara shigowa gari da safe, shi kuwa in ya taka ƙasa sai ya ji kamar katifa ya taka. Ba hajijiya ba ce. Babu abin da ke juyawa. Garin ne kawai ya ɗan tashi daga inda aka ajiye shi, da gidajensa da turakun lantarkinsa da dutsen da ke bayansa, yana shawagi a hankali kamar kwalekwalen da aka manta ba a ɗaure ba.

Bai gaya wa kowa ba.

Ranar da suka iso, matarsa Kanae tana tsaye a bakin tashar jiragen ruwa cikin matan da suka zo tarba, riƙe da 'yarsu. Suzu tana jaririya ja ya tafi ya bar ta, ko ido ba ta gama buɗewa ba. Ya dawo ya tarar da mutum sosai, da haƙora, da kallon tuhuma.

Kanae ta miƙo ta. "Ga Baba. Je ki wurin Baba."

Ya ɗaga hannu. Daidai nan simintin tashar ya lotsa a ƙarƙashinsa, ya taso, ya sake lotsawa. Ya ga baƙin ruwan da ke tsakanin jirgi da bango. Ya ga abin da zai faru in hannunsa ya saki. Sai ya taɓa tafin ƙafar yarinyar da yatsa ɗaya, ya ce hannunsa ƙarnin kifi yake.

Washegari ya ce kafaɗarsa na ciwo. Bayan nan ya ce ai ba ta saba da shi ba, kada a matsa mata. Hujja dai ba ta yanke masa ba.

Wata safiya yana zaune a tabarma, ya jingina da ginshiƙin tsakar ɗaki, don a duk gidan ginshiƙin nan kaɗai ya yarda da shi. Innarsa tana gasa kifi a kicin. Kanae tana ninke wanki. Suzu tana yawo tsakaninsu, ta kama wannan ta saki wancan. Ba ta cika shekara ba, amma ta fara tafiya.

Kanae ta ɗauki tawul ɗin da ya sha rana, ta goga mata a kumatu.

"Fuwa-fuwa. Ce fuwa-fuwa."

"Fu," in ji Suzu, ta cusa tawul ɗin a baki.

Haka yara ke koyo. Kafin su san sunan abu sun san yadda yake a hannu. Burodi sabon gashi fuwa-fuwa ne. Cikin kyanwar maƙwabta fuwa-fuwa ne. Ƙwan da aka kaɗa sosai aka soya da sauri, bargon da aka shanya, girgijen da ke ratsa kan dutse ba ya sauri. Duk abin da ba shi da nauyi, in ka danna ya lotsa ya dawo, in ka saki ya yi sama. Shuhei ya kalli gashin ƙeyar 'yarsa, siriri, yana tashi da kansa in iska ta shigo. Ya san sunan yadda zai ji shi a hannu. Jin ne bai taɓa yi ba.

Tukunya ta tafaso ta zuba a kicin. Kanae ta miƙe da gudu.

"Baban Suzu, kama ta, ta nufi ƙofa!"

Ƙofar a buɗe take, bayanta kuma tudu ne da dutsen ajiye takalma a ƙasa. Shuhei ya miƙe ƙafarsa ya tare hanya. Suzu ta ci karo da ƙwaurinsa, ta zauna daɓas, ta dube shi, ta fashe da kuka.

Inna ta leƙo da tsinken juya kifi a hannu.

"Da ƙafa? Kai, ɗan akuya aka ba ka tsaro?"

"Na tare ta dai."

"Ka tare ta dai. Ubanka in ya dawo daga teku sama yake jefa ka har ka yi masa fitsari a ka. Kai kuma hannun naka ajiya aka ba ka?"

Kanae ta zo ta ɗauki yarinyar. Sai da kukan ya lafa ta yi magana, idonta a kan Suzu.

"Kyaftin Kumagai ya bugo jiya."

"Me ya ce?"

"Ya ce an kusa gama gyaran jirgi. Ya ce sauran kai ka sani."

Shuhei ya ƙara manna bayansa da ginshiƙi.

"Ka ce waccan ce tafiya ta ƙarshe."

"Na ce."

"Kamfanin ƙanƙara sun ajiye maka gurbi."

"Na sani."

"To ɗauki Suzu mana. Sau ɗaya. Ko tsoro kake kada ka saba da ita tafiyar ta yi maka wuya?"

Tabarmar ta tashi da shi, ta sauka. Ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya ce zai je sayen taba. Ya daɗe da daina shan taba. Su biyun duk sun sani.

Bas ya hau zuwa garin da ke bayan dutse, inda babu wanda zai gan shi yana shiga asibiti ya kai wa innarsa Tomie labari kafin la'asar. Da bas ɗin ya fara tafiya sai komai ya daidaita. Kujera ta zama kujera. Itatuwa suka kafe a mazauninsu. Ya ce a ransa ya warke, asarar kuɗin mota kawai ya yi. Bas ya tsaya, ya sa ƙafa a titi, titi ya karɓe shi da taushin nan.

Likitar kunne tsohuwa ce, gajera, tabarau rataye a wuya. Ta ce ya faɗi abin da ke damunsa. Ya fara. Ya ce kamar yana tafiya ne amma ba shi ke tafiyar ba. Ya ce kamar ƙasa tana numfashi. Ya ce ba ciwo ba ne, kuma ba rashin ciwo ba ne. Da ya ji abin da bakinsa ke faɗa sai kunya ta kama shi, ya yi shiru.

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta juya shi a iska.

"Guru-guru?"

Sai ta buɗe tafin hannu, ta bar shi ya yi sama, ya sauko, ya karkata kaɗan, kamar ganye a kan ruwa.

"Ko fuwa-fuwa?"

A asibiti haka ake yi. Ba a neman dogon bayani daga bakin mai ciwo. Ciwon kai in yana bugawa zuki-zuki ne, in yana tsira kamar allura ciku-ciku, likita ya ji ya san inda zai duba. Shuhei ya sha jin haka tun yana yaro. Amma bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da ya hana shi sakat yana da suna ba, balle a ce sunan da ake koya wa Suzu da tawul ne.

Ya kalli hannun likitar yana shawagi.

"Wannan," ya ce. "Fuwa-fuwa."

"Yauwa. Da ka ce guru-guru da can cikin kunne zan fara nema. Masunci ne kai?"

"Tuna."

"Na ga alama. Tashi."

Ta leƙa kunnuwansa duk da haka. Ta sa shi ya bi yatsanta da ido. Ta sa shi ya rufe ido ya yi tafiya a kan farin layin da aka ja a daɓe. Yana tafiya yana jin layin na lanƙwashewa kamar igiya. Da ya buɗe ido sai ya ga kansa a ƙarshen layi, daidai tsakiya.

"Tun da abin ya fara, ka taɓa faɗuwa?"

"A'a."

"Kofi ya taɓa suɓuce maka?"

"A'a."

"Ƙafarka lafiya, hannunka lafiya, kunnenka lafiya. Jikinka ne ya koyi teku ya ƙi sakin karatun. Har yanzu yana jiran igiyar ruwa, ita kuma ba ta zuwa."

"Yaushe zai daina?"

"Wani wata guda. Wani shekara. Ba zan rufe ka ba, akwai wanda ya wuce haka."

"A cikin bas ban ji shi ba."

"Ba za ka ji ba. Duk abin da ke motsi gida ne a wurinsa."

Ya daɗe yana kallon takalmansa kafin ya tambaya.

"In na koma jirgi fa?"

"A jirgi garau za ka ji. Ranar saukowa kuma za ka tarar da shi a bakin tasha yana jiranka, wataƙila ma ya ƙara girma." Ta mayar da tabarau. "Yi ta tafiya a ƙasa. In ya matsa maka, kalli abu mai nisa. Matarka ta sani?"

Ya girgiza kai.

"Ku dai masunta. Kifi ya fi ku magana."

Da bas ya dawo da shi, bai wuce gida ba. Ƙafarsa ta kai shi tashar jiragen ruwa.

Jirgin yana ɗaure a inda ya bar shi, fari, an sabunta masa fenti. Hazo bai gama tashi ba, rabin jirgin kamar a cikin madara yake. Kyaftin Kumagai yana tsaye a sama da gwangwanin kofi, wani ƙaton tsoho mai wuya kamar kututture.

"A'a, wa nake gani? Uwargida ta kwance igiya?"

"Wucewa nake."

"Wucewa ina? Nan ƙarshen hanya ne, gaba sai ruwa. Hau mana, ko fentin ne kake tsoro?"

Shuhei ya taka katakon hawa. Taki ɗaya, biyu, sai ga shi a kan jirgi.

Duniya ta tsaya cak.

Jirgin yana ɗan motsi a igiyarsa, motsin da baƙo ba zai ma lura ba, kuma a cikin wannan motsin ƙafafunsa suka dawo masa. Ya ji nauyinsa ya sauka har diddige. Ya ji ƙarfe a ƙarƙashin takalmi, ƙarfe na gaske mai tauri. Ya ja numfashi har ƙasan ciki. Ƙamshin man inji da gishiri da tsohon jini. Ya tuna safiya a can nesa, inda babu tsuntsu ko ɗaya, ruwa kwance kamar an goge shi, sama da teku launi guda, jirgi na tafiya a tsakiyar babu. A can bai taɓa shakkar inda ƙafarsa take ba.

Ya juya ya kalli gari. Gidaje a jere a jikin dutse, rabinsu cikin hazo. Daga nan ya hango rufin gidansu. Da a ce yanzu za a miƙo masa Suzu, a nan, da ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya.

Amma ba a tafiya da yara farautar tuna.

Kyaftin ya kurɓi kofi. "Ka rame. Abincin tudu bai karɓe ka ba."

"Lafiya lau nake."

"Ƙanƙara, in ji su. Kai da hannun nan naka za ka je kana tura ƙanƙara a baro kamar mai sayar da kayan sanyi." Ya tofar da yawu a ruwa. "Yaushe bikin cika shekarar 'yar taka?"

"Lahadi."

"Ci mocinka, curin shinkafar bikin, ka zo ka ba ni amsa. In babu kai zan nemi wani, amma ba na so."

Shuhei ya daɗe kafin ya sauka. Da ya taka siminti, simintin ya lotsa.

Ran Lahadi gida ya cika da ƙamshin turararriyar shinkafa. Baban Kanae ya sauko daga ƙauyensu na kan dutse, tsohon kafinta mai guntun yatsa, da kwalbar giyar shinkafa a hammata. An buɗe ƙofofin takarda, rana ta shigo har tsakar ɗaki. A kan tebur ga mocin cika shekara, ƙaton curi fari na kirɓaɓɓiyar shinkafa, an rubuta sunan Suzu da ja a kansa. Za a ɗaura mata shi a baya ta ɗauka, don kada abinci ya yanke mata har tsufa.

Inna ta sa curin a gaban hoton marigayi mijinta na ɗan lokaci, ta ɗauko, ta naɗe shi a ƙyalle.

"To ku ji," ta ce. "Yarinyar nan ta riga shekara tafiya. In ta ɗauki kayan nan ta tafi ba ta faɗi ba, za ta girma ta yi nisa da gida. Dole a kayar da ita. Aikin uba ne."

"Haba, Tomie," in ji kafinta. "Mu a wurinmu ba a ture yaro. In ya faɗi don kansa, to."

"Ku a wurinku ina za ku je? Duk inda kuka juya dutse ne. Mu nan ƙofa a buɗe take." Ta nuna teku da haɓa, sannan ta nuna Shuhei. "Wannan da kake gani, shi ma da wuri ya tashi. Ubansa yana teku, aka ce kawunsa ya ture shi, kawun ya ji tausayi. Ga abin da tausayi ya haifar, sai dai mu gan shi a hoto."

Kafinta ya yi dariya har da tari. Kanae ta yi murmushi iya leɓe.

"Baban Suzu, durƙusa can," in ji Inna. "In ta iso, ɗan taɓa ta a kafaɗa. A hankali fa, ba tuna ba ce."

Ya durƙusa a ƙarshen ɗaki, nesa da ginshiƙi. Tabarmar tana ta numfashinta.

Aka ɗaura wa Suzu ƙunshin. Nauyin ya ja ta baya, ta zauna, ta buɗe baki ta tsala ihu. Aka yi ta tafi ana kiran sunanta. Ta yi kukan ta gaji. Sai ta kifa, ta dafa tabarma da hannu biyu, ta ɗaga gindi sama, ta yi rawa-rawa, ta miƙe.



Ta dubi uwarta, ta dubi kakanninta. Duk suna bayanta. A gabanta babu kowa sai mutumin nan da ke zama jikin ginshiƙi. Ta ɗaga ƙafa.

Shuhei bai taɓa kallon tafiyarta daga gaba ba, daga ƙasa haka. Ƙafafu a wawware. Gwiwa a ɗan lanƙwashe. Hannuwa a sama, yatsu a buɗe. Ta taka, ta jira ta ji abin da ƙasa za ta yi, ta sake takawa. Ya san tafiyar nan. Haka sabon shiga yake yi ranar farko a jirgi. Ita ma ƙasa ba ta tsaya mata ba. Ba ta taɓa tsaya mata ba tun da ta zo duniya, ga kuma kaya an ɗora mata, amma ba ta zauna jiran komai ba. Hawaye na kumatunta, tana tahowa. Rana tana bayanta, gashinta ya kama haske. Ya ga kamar su biyu ne kaɗai a wani faffaɗan wuri fari, ita a wannan gefe shi a wancan, ruwa ɗaya na ɗaga su.

"Yanzu!" in ji Inna. "Taɓa ta!"

Bai motsa ba.

"Kai, ture ta mana, za ta wuce!"

Suzu ta iso. Ta sa hannu a gwiwarsa, ta ɗaga kai don ta ga fuskarsa. Ɗaga kan nan ne ya ba nauyin dama. Ƙunshin ya ja ta, ta tafi da baya, ƙeya gaba.

Bai yi shawara da kansa ba. Sai dai ya ga hannuwansa sun riga sun tafi, ɗaya a ƙeya ɗaya a ƙugu, sun jawo ta ƙirjinsa. Daidai nan ɗakin ya tashi, tashi babba, irin na igiyar ruwan da ke zuwa daga gefe. A jirgi ba a faɗa da irin wannan, bin ta ake yi. Ya bi ta. Ya tafi da baya a hankali, a hankali, har bayansa ya sami tabarma. Ko faɗuwa ya yi ko kwanciya, shi ma bai sani ba.

Silin yana shawagi a samansa. Suzu tana kan ƙirjinsa, ita da mocinta, nauyinsu ya danne shi. Gashinta a haɓarsa. Ƙamshin madara da gumi. Ta ɗago ta dube shi, ta kama hancinsa ta murɗa.

"An faɗi!" Inna ta tafa. "Biyu a tashi ɗaya! Wanda kawu ya bari yau jika ta biya!"

Kafinta ya tsiyaya giya yana cewa wannan ba ya cikin al'ada amma ya karɓa. Kanae ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana kallon hannun hagun mijinta. Ya saki ƙugun yarinyar ya damƙi gefen tabarma, har farcensa ya yi fari.

Bayan an ci an sha, tsofaffin biyu suka kishingiɗa suna musu kan wanda ya fi wani ciwon gwiwa. Shuhei ya fita baranda ta baya. Suzu ta biyo shi da rarrafe, ta hau cinyarsa kamar dama can wurin zamanta ne. Kanae ta zo ta tsaya a kansu.

"Tun yaushe?"

"Me?"

"Kada ka maishe ni sakarya. Na ga hannunka."

Ya nemi yadda zai fara. Dogon bayanin nan ya taso masa, ya haɗiye shi. Ya buɗe tafin hannu, ya bar shi ya yi sama, ya sauko, ya karkata.

"Ƙasa," ya ce. "Fuwa-fuwa. Tun ranar da na sauko."

Ta kalli hannun. Ta zauna a hankali.

"Yanzu ma?"

"Yanzu ma."

"Shi ya sa ba ka ɗaukarta."

"Na ga kamar zan sake ta."

"Ka je asibiti?"

"Na je. Ta ce ba zan faɗi ba. Ta ce zai tafi, ba ta dai san yaushe ba."

Kanae ta dunƙule hannu ta kai masa duka a kafaɗa, da ƙarfi, kafaɗar da ya ce tana ciwo.

"Wata guda ina kallonka ina cewa mutumin nan ba ya son 'yarsa. Har na fara tunanin me zan gaya mata in ta girma. Kalma ɗaya! Kalmar da ko Suzu ta kusa iyawa!"

"Yi haƙuri."

"Rufe mini baki."

Ya rufe. Suzu tana cin maɓallin rigarsa. A ƙasa, bayan rufin gidaje, teku na ƙyalli.

"Akwai saura," ya ce. "A jirgi ba na jin sa. Na hau ranar nan. Ina takawa ya ɗauke."

Ta juyo ta dube shi sosai. Ya ga ta gane duka, har abin da bai faɗa ba.

"To," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ka ga ke nan kana da magani."

"Ina da shi."

"Ba zan ce ka zauna kana wahala ba."

"Ban ce ki ce ba."

Ya sa hannu a kan Suzu, ya bar shi a wurin. Barandar ta tashi da su ukun, ta sauka. Ya jira ta sake tashi, ta tashi. Ba ta zubar da kowa ba.

"Ina majanyinta?" ya ce.

"Na me?"

"Ɗaura mini ita. Hannuna ya zama a sake. Ke kuma ki riƙe ni nan." Ya nuna gwiwar hannunsa.

"Ina za mu?"

"Tasha."

Ta ɗaura masa goyon, ta ja igiyar har ya ce wash, ta ƙara ja. Inna ta ɗago kai daga matashi ta ga ɗanta da goyo, ta buɗe baki, ta fasa, ta mayar da kai.

Gangaren tasha dogo ne. Titin yana lotsawa yana tasowa. Ya kafa ido a kan fitilar jirage da ke can bakin mashiga, ya yi ta sa ƙafa. Hannun Kanae a gwiwar hannunsa, ɗumin Suzu a bayansa. Mai kantin taba ta leƙo ta ce kai, yau wace rana. Kafin su kai ƙasa yarinyar ta yi barci, kumatunta manne da wuyansa.

Kyaftin Kumagai yana kan jirgi yana duba igiyoyi. Ya hango su, ya miƙe, ya riƙe ƙugu.

"Jama'a, ku zo ku ga maharbin tuna da goyo! Hau mana, a ba yarinyar kifi."

Katakon hawa yana nan, taki biyu daga inda Shuhei yake. Ya kalle shi. Ya ji ƙafafunsa suna so.

"Daga nan ma ana ji," ya ce. "Nemi wani, Kyaftin."

Tsohon ya dube shi, ya dubi Kanae, ya dubi ɗan kan da ke leƙowa ta kafaɗa.

"Ka tabbata? Tudu ba na kowa ba ne."

"Na sani."

"To je ka daskare." Ya juya ga igiyarsa, sannan ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba. "Gyara mata wuya, ya karkace. Ko goyon ma sai na koya maka?"

Kanae ta gyara. Suka juya.

A hawan dawowa ta tsaya a ƙofar mai tofu, wato awara, ta leƙa ciki, ta ce Inna ta ce a taho da na miyar gobe.

"Zan shiga. Za ka iya?"

"Je ki."

Ta saki hannunsa ta shige bayan labule. Ya ji muryarta a ciki tana gaisawa, mai tofu tana tambayar yadda biki ya tashi. Ya rage shi kaɗai a tsakiyar titi da yarinya a baya. Titi ya tashi, da shagon da turakun lantarki da kekunan da aka jingine, ya tsaya a sama kaɗan, ya sauko. Shuhei ya ɗan buɗe ƙafafunsa, ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin goyon, ya jira ta fito.